Jarumai da Iskoki a Kan Takarda: Bugun Katakon Japan da Abin da Yake Nuna wa Ƙasar Adar

A cikin sana'o'in zane da duniya ta gada, kaɗan ne suka yaɗu kamar hotunan bugun katako na ƙasar Japan, waɗanda Japanawa ke kira ukiyo-e, wato hotunan rayuwar duniya mai gushewa, domin a yau ana ganin su a gidajen tarihi na Turai da Amurka, a bangon littattafai, a jikin riguna, har ma a bayan takardar kuɗi ta yen 1,000 da Japan ta fitar a shekarar 2024. Daga cikin rassan wannan sana'a akwai wanda ya ci kasuwa ƙwarai a wurin talakawan birnin Edo, wanda shi ne Tokyo ta yau, wato hotunan mayaƙan samurai da na fatalwa da dodanni, kuma shi ne reshen da ya fi kusa da tunanin mai karatu a ƙasar Hausa, inda labarin jarumi da labarin iska suka daɗe suna tafiya tare. Muhimmancin batun ga yanki irin Adar, daga Tabotaki da Buza zuwa Keita da Madawa, shi ne cewa Japanawa sun samo hanyar shigar da tarihin mazajensu da labaransu na dare cikin ɗakin talaka da kuɗi ƙalilan, sa'an nan suka raya sana'ar ta hanyar maimaita bugun, alhali Adar tana da mazaje da labarai da masassaƙa, amma hotunan da ke rataye a bangayenta kusan duk daga waje ake kawo su.

Birnin da mayaƙansa suka rasa yaƙi

Samurai su ne ajin mayaƙa na gado a Japan, masu ikon ɗaura takubba biyu, waɗanda ba su kai kashi goma cikin ɗari na jama'ar ƙasar ba amma mulki yana hannunsu. Tun daga 1603, lokacin da Tokugawa Ieyasu ya zama shogun, wato sarkin yaƙin da ke tafiyar da ƙasa da sunan sarkin da ke zaune a Kyoto, har zuwa 1868 da gidansa ya faɗi, ƙasar ta yi fiye da shekara 250 ba ta ga yaƙe-yaƙe irin na da ba, saboda haka jikokin mayaƙa suka koma magatakarda da ma'aikatan hukuma masu karɓar albashi da shinkafa, yayin da ƴan kasuwa, waɗanda doka ta ajiye a ƙasan tsarin jama'a, suka tara dukiya. A ƙarni na 18 mutanen Edo sun kai kimanin miliyan ɗaya, da yawansu sun iya karatu, kuma suna neman abin kallo: wasan kwaikwayo na dandamali da ake kira kabuki, littattafan labarai masu hotuna, da hotunan da ake sayarwa takarda ɗai-ɗai a bakin titi.

Hotunan farko, irin na Hishikawa Moronobu wanda ya rasu a 1694, da baƙar tawada kaɗai ake buga su, wani lokaci a shafa musu launi da hannu. A 1765 aka kammala dabarar buga launuka da yawa a kan takarda guda, wadda ake danganta farkonta da ayyukan Suzuki Harunobu, kuma daga nan hoto mai cikakken launi ya zama haja mai araha, har kuɗin takarda ɗaya bai wuce kuɗin kwanon taliya ɗaya ko biyu a rumfar mai abinci ba. Wannan araha ita ce ginshiƙin tarihin gaba ɗaya, domin ita ta sa ɗan dako da yaron shago suka zama masu sayen zane, kuma abin da suke so shi ne ya riƙa juya akalar masu zanen.

Hannu huɗu a kan takarda ɗaya

Hoto ɗaya aikin mutum huɗu ne: ɗan kasuwa mai ɗaukar nauyin bugu, wanda shi ke zaɓar jigo ya zuba jari ya kuma mallaki allunan, da mai zane, da masassaƙi, da mabugi. Mai zane yakan zana surar da baƙar tawada a kan takarda marar kauri, sai masassaƙi ya manna ta a kife a kan allon itacen ceri na daji, wanda aka zaɓa saboda taurinsa da laushin fuskarsa, ya goge bayanta har layukan su bayyana, sa'an nan ya bi gefen kowane layi da ƙaramar wuƙa mai kaifi, ya ƙwaƙule duk wurin da babu zane, ya bar layukan kaɗai a tsaye. A wannan mataki zanen hannu na asali yakan salwanta, domin wuƙa ta cinye shi tare da itacen, kuma wannan ne ya sa a sana'ar babu wata takarda guda da za a nuna a ce ita ce uwa, sauran kuwa kwafi ne. Gwanintar masassaƙi takan fito fili a gashin goshi, inda yake tsayar da layuka siraran da ba su kai kaurin milimita ɗaya ba, kusa da juna, ba tare da ɗaya ya karye ba.

Kowane launi yana buƙatar fuskar allo tasa, saboda haka hoto guda yakan ci alluna da yawa, kuma abin da ke hana launuka zamewa daga mazauninsu wasu ƴan tsagogi ne guda biyu da ake kira kento, ɗaya a kusurwar allo ɗaya a gefensa, inda mabugi ke dafa bakin takarda a kowane zagaye. Takardar kuwa daga ɓawon wani itace mai suna kozo ake yin ta da hannu, kuma dogayen zarurrukanta ne ke ba ta ƙarfin jure guga sau da yawa. Mabugi yakan ɗan jiƙa ta, ya zuba launin da aka dama da ruwa a kan allo tare da ɗigon ƙullin shinkafa dafaffe, ya baza su da burushi, ya kifa takardar, sa'an nan ya murza bayanta da baren, wani ɗan faifai na igiyar da aka tufka aka naɗe da ɓawon gora, har launin ya nutse cikin zaren takardar. Idan ana son sararin sama ya tashi daga duhu zuwa haske, da tsumma mai laima da burushi ake rage launin a kan allon kafin kowane bugu, kuma babu injin da ke shiga aikin daga farko har ƙarshe. A bisa al'ada akan fara da kimanin takarda 200, in kasuwa ta karɓa a ci gaba har allunan su gaji.

Jarumai da idon hukuma

Mai zanen da ya ɗaukaka hotunan mayaƙa, waɗanda ake kira musha-e, shi ne Utagawa Kuniyoshi, wanda aka haifa a 1798 a gidan marini, ya rasu a 1861. Ya daɗe cikin rashi kafin wajen 1827, lokacin da ya fara jerin jarumai 108 na Suikoden, wani tsohon labarin ƙasar Sin game da ƴan tawayen da suka bijire wa azzaluman mahukunta, inda ya zana su da ƙirar ƙarfi da zane a jikinsu, har samarin Edo suka riƙa zuwa a tsaga musu irin wannan zane a baya. Abin lura shi ne cewa jaruman da suka fi farin jini waɗanda suka faɗi da mutuncinsu ne ko suka yi fito-na-fito da masu iko, kamar Minamoto no Yoshitsune, wanda ya murƙushe gidan Taira a yaƙin teku na Dan-no-ura a 1185 amma ɗan'uwansa ya sa aka farauce shi, da barori 47 da suka ɗauki fansar ubangidansu a farkon 1703, sa'an nan aka umarci kusan dukansu da su kashe kansu.

Hukuma ta san ƙarfin hoto, kuma ba ta yi sake da shi ba. Daga 1790 sai an buga hatimin masu tacewa a kan zane kafin a sassaƙa shi, a 1804 kuma aka hana zana mayaƙan da suka rayu daga 1573 zuwa gaba da sunayensu da tambarin gidajensu, kuma a wannan shekara aka ɗaure shahararren mai zane Kitagawa Utamaro da ankwa kwana 50 saboda hoton Toyotomi Hideyoshi, ɗaya daga cikin waɗannan mayaƙa. Masu sana'ar suka koyi sauya suna da zamani, ta yadda jagoran barori 47, Oishi Kuranosuke, ya koma Oboshi Yuranosuke a dandamali da kan takarda, kowa kuma ya san wanda ake nufi. Da waziri Mizuno Tadakuni ya tsananta dokokin tsuke bakin aljihu a 1842, ya hana hotunan ƴan wasa da na matan gidajen shaƙatawa, ya ƙayyade yawan launi da farashi, sai Kuniyoshi ya fitar da hoto mai takarda uku a 1843, wanda ke nuna tsohon jarumi Raiko kwance ba lafiya, barorinsa huɗu na gadinsa, wani ƙaton gizo-gizo kuma yana tayar da rundunar dodanni a samansu. Jama'a suka karanta shi a matsayin habaici: majinyacin shi ne shogun, tambarin rigar ɗaya daga barorin ya yi kama da na wazirin, dodannin kuwa masu sana'o'in da dokokin suka karya ne. Maganar ta yi yawa har mai bugun ya janye hotunan ya lalata allunan, amma kwafin sata suka ci gaba da yawo a gari.

Fatalwa, dodanni da alhaki

Japanawa sun bambanta yurei, wato fatalwar mamacin da ya tafi da ƙulli a zuciya, da yokai, wato dodanni da halittun ɓoye na rafi da daji da kango, waɗanda Toriyama Sekien ya tattara surorinsu a littafi a 1776. Akwai kuma wata hira ta dare da ake kunna fitilu ɗari, kowa ya kawo labarin ban tsoro a kashe fitila ɗaya, da imanin cewa idan ta ƙarshe ta mutu wani abu zai bayyana, kuma daga wannan al'ada Katsushika Hokusai ya ɗauko sunan jerin hotunansa na wajen 1831, waɗanda guda biyar ne aka sani. A ɗaya daga cikinsu fuskar Oiwa, matar da mijinta samurai ya ci amanarta aka ba ta gubar da ta ɓata mata kamanni, tana fitowa daga yagaggiyar fitilar takarda. A wani kuma Okiku, baiwar da aka jefa rijiya bisa zargin salwantar da faranti ɗaya cikin goma, tana tasowa daga rijiyar da wuya na farantai jere. Waɗannan labarai hukunci ne a kan mai ƙarfin da shari'ar zamaninsa ba ta iya taɓawa, kuma Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan, tun da ya riga ya ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.

Hoton da ya fi haɗa jarumi da abin tsoro a fili guda shi ne na gimbiya Takiyasha, mai takarda uku, wanda Kuniyoshi ya yi a wajen 1844. Ita ƴar Taira no Masakado ce, basaraken da ya yi tawaye aka kashe shi a 940, kuma labari ya ce ta zauna a kangon fadar ubanta tana koyon tsafi don ɗaukar fansa. A takardar hagu tana tsaye da naɗaɗɗen littafi a buɗe tana karanta surkulle, a tsakiya jarumi Mitsukuni ya danne wani baranta da kuben takobi, daga dama kuma wani ƙwarangwal mai girman ɗaki ya yaye yagaggen asabari da yatsunsa ya sunkuyo a kansu daga cikin baƙin duhu. A littafin da aka ɗauko labarin daga cikinsa, ƙwarangwal da yawa ne masu girman mutum, amma mai zanen ya mayar da su ɗaya tak, ya ƙirga haƙarƙari da gaɓoɓin wuya da kulawar mai nazarin jikin ɗan Adam, ya kuma shimfiɗa shi a kan takardu biyu, ta yadda wanda ya sayi ɗaya dole ya nemi sauran.

Wasu hotunan kuwa don kariya ake sayen su. Akan liƙa jajayen hotunan jarumi Tametomo kusa da yaron da agana ta kama, bisa imanin cewa cutar tana tsoron ja da kuma wannan gwarzo, bayan girgizar ƙasar da ta rusa Edo a watan Nuwamba na 1855 kuma aka cika kasuwa da ɗaruruwan hotunan ƙatuwar tarwaɗa, wadda aka ce motsinta a ƙarƙashin ƙasa ne ke kawo girgiza, wasunsu ma suna nuna magina da kafintoci suna yi mata godiya saboda aikin da ta samar musu, har hukuma ta hana su cikin kimanin wata biyu.

Ƙarshen samurai da tafiyar hotuna Turai

Bayan juyin 1868 sabuwar gwamnati ta rushe ajin samurai, ta hana ɗaura takobi a 1876, ta kuma murƙushe tawayen samurai da Saigo Takamori ya jagoranta a 1877. Tsukioka Yoshitoshi, almajirin Kuniyoshi, wanda ya rayu daga 1839 zuwa 1892, shi ne babban gwani na ƙarshe a wannan layi, kuma jerin hotunansa ɗari na wata, daga 1885 zuwa 1892, da na fatalwa 36, daga 1889 zuwa 1892, ya yi su ne a lokacin da hoton kyamara da injin ɗab'i ke ƙwace kasuwa. Yayin da ƴan ƙasa ke ɗaukar hotunan a matsayin tsohon yayi, Turawa sun gano su, musamman bayan baje kolin duniya na Paris a 1867, har Vincent van Gogh ya kwaikwayi hotunan mai zanen ukiyo-e Hiroshige da fenti a 1887, Claude Monet kuma ya tara fiye da 200 a gidansa. Ta haka dubun dubatar hotuna suka bar Japan, kuma tarin da William Sturgis Bigelow ya ba gidan tarihin zane na Boston a 1911 yana cikin mafi girma a duniya.

Maimaicin bugu da darajarsa

Wanda zai sayi irin wannan hoto a yau yana fuskantar abubuwa huɗu da ya kamata ya rarrabe. Akwai bugun fari, wanda aka yi allunan suna sababbi a ƙarƙashin idon mai zane. Akwai bugun baya daga allunan nan bayan sun lalace, inda layuka ke yankewa ana kuma rage launuka. Akwai maimaici, wanda ake kira fukkoku, inda masassaƙi na wani zamani ke sassaƙa sababbin alluna bisa tsohon hoto a buga da hannu kamar da. Sai kuma bugun inji na zamani. Hanyar ganewa tana bayan takarda, domin bugun hannu yakan bar sawun murzar baren da launin da ya ratso, bugun injin ɗab'i kuwa idan aka duba shi da gilashin ƙara girma sai a ga ƙananan ɗigo-ɗigo jere. Tazarar kuɗi tsakaninsu babba ce: tsohon bugu na hoton babbar igiyar ruwa na Hokusai ya haura dalar Amurka miliyan 2.7 a wani gwanjo a New York a 2023.

Maimaici na gaskiya ya bambanta da jabu, domin ba ya ɓoye shekarunsa, kuma yakan ɗauki hatimin gidan da ya yi shi. Yana da amfani biyu da tsohon bugu ba shi da su. Na farko, launukan da, irin shuɗi da jan da ake samu daga furanni, suna kodewa da haske, abin da ya sa iyalin Spaulding suka ba gidan tarihin Boston hotuna fiye da 6,000 a 1921 da sharaɗin kada a taɓa rataye su a baje koli, saboda haka maimaici ne ke nuna wa mai kallo hasken da mutumin Edo ya gani ranar da ya saya. Na biyu, shi ne ya ciyar da masassaƙa da mabuga bayan kasuwar asali ta mutu: gidan Adachi da aka kafa a Tokyo a 1928 ya maimaita hotuna sama da dubu, ya kuma kafa gidauniyar horar da matasa a 1994, gwamnatin Japan kuma ta sanya bugun katakon Edo cikin sana'o'in gargajiya na ƙasa a 2007. Sana'ar da ba a maimaita ta takan mutu tare da tsofaffinta, ko da kayanta suna kulle cikin gilashi.

Hotunan bugu a ƙasar Hausa

Hoto mai araha ba baƙo ba ne a Afirka ta Yamma. Tun ƙarshen ƙarni na 19 alhazai da fatake ke shigo da hotuna masu launi daga Alƙahira da Arewacin Afirka, na Ka'aba da Buraƙa da waliyyai da yaƙe-yaƙen farkon Musulunci, kuma William Ponty, gwamnan Faransa na Afirka ta Yamma daga 1908 zuwa 1915, ya ga haɗarinsu ga mulkin mallaka har ya ba da umarnin hana shigo da su, abin da ya ƙarfafa masu zanen Senegal wajen kwafe su a bayan gilashi, sana'ar da ta zama tasu har yau. Haka kuma surar Mami Wata da aka sani daga Ghana har Kongo ta samo asali ne daga hoton tallar wata mai wasa da macizai da aka buga a Hamburg ta Jamus a shekarun 1880, aka maimaita shi a Bombay ta Indiya a 1955 bisa buƙatar ƴan kasuwar Kumasi. Wannan yana nuna cewa hoton bugu yana iya ba wa abin da ba a gani fuska, kuma idan jama'a ba su zana tasu ba, za su ari ta wasu.

A adabin Hausa jigon jarumi da aljannu yana nan daram. Littafin Ganɗoki na Bello Kagara, wanda ya fito a 1934, labari ne na mayaƙin da ya gwabza da Turawa sa'an nan ya faɗa duniyar aljannu, Iliya Ɗan Mai Ƙarfi na Ahmadu Ingawa ya biyo baya a 1951, littattafan yaƙi na kasuwar Kano kuma suna ci gaba da wannan layi da bangayensu masu takubba da dodanni. A kasuwannin mako na jihar Tawa, masu shimfiɗa littattafai sukan haɗa da kalandu da hotunan Makka da Madina, da na shehunan ɗariƙa irin Shehu Ibrahim Inyas, da na ƴan fim da ƴan ƙwallo, wasu kuma ƴan cin rani ne, waɗanda mutanen yankin ke kira ƴan biɗa, ke dawowa da su daga Najeriya da biranen bakin teku. Sha'awar hoto tana nan, abin da babu shi ne hoton gida.

Abin da Adar ke da shi

Tabotaki ƙaramar hukumar karkara ce a gundumar Buza, cikin ƙasar duwatsu da kwaruruka da ta haɗa Adar da Magiya, kuma tarihin wannan ƙasa cike yake da abin zanawa. Akwai Agabba, ɗan Sarkin Agadas, wanda ya ci Adar a ƙarshen ƙarni na 17, zuriyarsa kuma ke riƙe da sarautar Illela. Akwai jihadin Muhammadu Jailani a farkon ƙarni na 19. Akwai karon da Abzinawan Kel Geres suka yi da sojan Faransa a Galma ta ƙasar Madawa a 1901. A maƙwabta kuma akwai Bawa Jan Gwarzo na Gobir, da Sarauniya Mangu ta Lugu wadda ta tari rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899, wadda Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi a kanta a 1980, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986. Farfesa Djibo Hamani ya rubuta tarihin Adar kafin zuwan Turawa tun 1975, Nicole Echard kuma ta yi nazarin iskokin bori na yankin. A tatsuniya akwai Dodo da Gizo da Ƙoƙi, a fagen yau kuma akwai ƴan kokowa, waɗanda gasar takobinsu ta ƙasa aka fara ta a birnin Tawa a 1975, kamar yadda ƴan kokowar sumo suka kasance cikin hajar masu bugun Edo.

Kayan aikin ma ba su yi nisa ba. Masassaƙin da ke fitar da turmi daga ƙirya da allon makaranta daga aduwa ya san halin itace, mai zanen ƙwarya ya san yadda wuƙa ke bin layi, alarammomi suna dafa tawada da ƙaro suna yi wa allon sauka zayyana mai launi, marina sun san baba, dukawa sun san jan karan dafi. Itace kuwa abu ne mai tsada a ƙasar da shirin raya karkara na Keita, wanda aka fara a 1984 da tallafin Italiya, ya dasa miliyoyin itatuwa don tsayar da zaizayar ƙasa, amma allo ɗaya mai faɗin littafi yana iya fitar da ɗaruruwan hotuna, kuma guntayen katakon kafinta sun isa koyo.

Maganar addini wajibi ce a nan, domin jama'ar yankin Musulmi ne kuma hukuncin sura ba abin wasa ba ne. Malaman Malikiyya sun bambanta gunki mai jiki da inuwa, wanda suka haramta idan cikakkiyar surar mai rai ce, da zanen da ke shimfiɗe a kan takarda ko tufa, wanda hukuncinsa ya fi sauƙi a wurinsu, ko da yake akwai malaman da suka tsananta a kan duka biyun. Hanyar da ta dace ita ce a shawarci malamai tun farko, a tsaya kan tarihi da tatsuniya da wa'azin da ke cikinsu, a kuma nisanci duk abin da zai zama abin bauta ko abin dogaro wajen neman kariya.

Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma yaron da ya ga dawakin Agabba da lifidinsu a bangon ajinsu zai tambayi kakansa labarin da ba zai taɓa tambaya ba. Ya kamata hukumomin Buza da Keita da Madawa, da malaman makarantu, da Gidan Tarihi na Boubou Hama da ke Yamai, wanda tun kafa shi a 1959 ya zama matattarar masu sana'ar hannu, su haɗa mai zane da masassaƙi da masanin tarihi a rumfa ɗaya, su fara da jarumai goma da tatsuniyoyi goma, a rubuta bayanin kowane hoto da boko da ajami, a sa sunan duk wanda hannunsa ya taɓa aikin, a kuma sayar da shi a farashin da manomin Tabotaki zai iya biya ranar kasuwa. Dattawan da suka riƙe waɗannan labarai suna raguwa kowace shekara, saboda haka aikin na wannan zamani ne, kuma jinkirta shi asara ce.